Milimita 42 ba iri ɗaya ba ce: yadda na gwada agogunan nutso a hannuna

Kafin na taka kantin agogo ko ɗaya a Dubai, sai da na auna wuyan hannuna na hagu da tef ɗin tela sau uku a yini guda. Da asuba, a ɗakin da esi ya kwana yana hurawa, santimita 16.8. Bayan azahar, da na yi tafiyar ƙafa cikin rana tsakanin shagunan Deira, 17.3. Da dare bayan cin abinci, 17.2. Milimita 5 ke nan tsakanin safe da yamma, kuma wannan 'yar tazarar ce ke raba agogon da mutum zai manta yana hannunsa da wanda zai dinga kwancewa yana ajiyewa a kan tebur.

Akwai awo na biyu da ya fi na farkon amfani, shi ne kuma mutane ba su cika yi ba. Shimfiɗa hannunka a kan tebur, tafin yana kallon ƙasa, ka gitta rula a daidai inda agogo ke zama, wato ɗan sama da ƙashin nan da ya turo ta ɓangaren ƙaramin yatsa, ka duba faɗin wurin daga gefe zuwa gefe. Nawa milimita 52 ne. Mutum biyu kan iya samun kewaye ɗaya, a ce santimita 17, amma ɗaya hannunsa a baje yake, ɗayan kuma mulmulalle kamar rake. Mai bajajjen hannu zai ɗauki babban agogo lafiya lau. Mai mulmulallen kuwa agogon zai hau masa kamar faifai a bakin tulu, gefe da gefe babu abin da ya tokare shi.

Agogon nutso ya fi sauran agoguna wuyar zama a hannu, da dalili kuwa. Duk mita 10 da aka nutsa, matsin ruwa yana ƙaruwa da kwatankwacin nauyin iskar da ke kanmu a doron ƙasa. Don haka agogon da aka rubuta wa mita 300 dole a ba shi gilashi mai kauri, da murfin baya mai kauri, da maɓallin saiti da ake murɗawa ya ɗaure kamar noti. A sama kuma ga zobe mai juyawa ta gefe ɗaya, wanda mai nutso ke ƙirga mintunansa na ƙarƙashin ruwa da shi. Asalin wannan siffa tun 1953 yake, shekarar Fifty Fathoms na kamfanin Blancpain da Submariner na Rolex, kuma a ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 6425 mafi ƙarancin zurfin da ake nema ga agogon nutso mita 100 ne. Yawancinmu ruwan da agogon zai gani bai wuce na alwala da na damina ba, amma kaurin da nauyin a hannunmu za su yini.

Lambar da ake tallata agogo da ita, 39 ko 41 ko 42, faɗin da'irar jikinsa ce kawai. Ba ta haɗa da ƙahonin nan huɗu da sarƙa ke maƙale a tsakaninsu ba, alhali abin da ke kwanciya a kan hannu shi ne tsawon daga bakin ƙahon sama zuwa bakin na ƙasa. Agoguna uku na ɗaura a yini ɗaya, duka ana lissafa su a 42. Doxa Sub 300, mai fuskar nan ruwan lemo da ta samo asali tun 1967, faɗinsa 42.5 amma ƙaho zuwa ƙaho wajen 45 ne kacal, don jikinsa kamar matashin kai yake, ƙahonin sun narke a ciki. Omega Seamaster Diver 300M, samfurin da aka sabunta a 2018, faɗinsa 42, ƙaho zuwa ƙaho wajen 50. Tudor Pelagos FXD, da aka tsara tare da sojan ruwan Faransa ya fito a 2021, shi ma 42 ne, amma ƙaho zuwa ƙaho 52, saboda ƙahonin da sandar da maɗauri ke ratsawa ƙarfe guda ne, ba a cirewa. Doxa ya zauna a tsakiyar hannuna da sauran fili. Omega ya cika shi taf. FXD kuwa bakin ƙahoninsa ya kai ƙarshen fata, maɗaurin ya sauka a miƙe kamar labule. Ga mai faɗin hannu 58 ko 60 wannan agogon zai zauna daram, ni dai ba nawa ba ne. Daga nan na tsayar wa kaina iyaka: a bar aƙalla milimita 2 na fata a bayan kowane ƙaho, wato kada in wuce 48.

Ita ma wannan lambar ba ta gama faɗin gaskiya. Gaɓar farko ta sarƙa, wadda ke cike gurbin da ke tsakanin ƙahoni, iri biyu ce. Wata tana da harshe a tsakiya da ke zarce bakin ƙaho kafin sarƙar ta fara lanƙwasa. Wata kuma gurbi gare ta, gaɓa ta biyu ce ke shigowa ciki, sai sarƙar ta faɗi ƙasa tun daga bakin ƙahon. Mai harshen takan ƙara wa agogo milimita biyu ko uku a tsawo ba tare da an rubuta a ko'ina ba. Ganewa ba wuya: riƙe kan agogon da yatsu biyu, ka bar sarƙar ta yi reto, ka duba ta gefe inda ta fara karyewa. Nan ne ainihin ƙarshen agogon.

Kantin ma kansa yana ruɗa mai gwaji. Agogon da za a miƙo maka a kan faranti mai laushi da cikakkiyar sarƙarsa yake, wadda aka yi don hannun da ya kai santimita 20 ko fiye, kuma ba za a cire gaɓa ba sai an biya. In ka saka shi haka zai zamo har bayan hannu, ya juya, ka ce bai karɓe ka ba alhali ba ka ma gwada shi ba. Abin da nake yi shi ne in rufe makullin, in tura agogon mazauninsa, in tsuke rarar sarƙar ta ƙasa da babban yatsa da manunin ɗaya hannun, har ta kama fata yadda za ta kama bayan an rage. A haka nake juya hannu, in ɗaga, in sauke. In akwai irinsa mai maɗaurin roba, nakan ce a ba ni shi ma, domin shi ana ɗaure shi daidai nan take, kuma shi ke nuna yadda kan agogon zai zauna da gaske.

Ga kuma sanyi. Duk wanda ya yi awa biyu yana yawo cikin esin Dubai Mall, hannunsa ya koma awonsa na asuba. Agogon da aka rage daidai a wannan hali, ranar da ya shiga zafin Kano na watan Afrilu, inda ake haura digiri 40, zai zana wa mai shi gaɓoɓinsa a fata. Hoton waya ma kada a yanke hukunci da shi. Kyamarar waya in an matso da ita kusa takan kumbura abin da ke gabanta, sai agogo mai 39 ya fito kamar faranti. Madubin tsaye ya fi: ja baya taku uku, saki hannu a gefe kamar kana tafiya, ka kalli agogon tare da kafaɗa da sauran jiki. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. In dole sai hoton, a ba wani ya ɗauka daga nesa ya jawo.

Submariner na yanzu, 124060 marar kwanan wata da ɗan'uwansa 126610LN mai kwanan wata, sun fito a 2020 da faɗin 41. Wanda aka ba ni na nuni ne, ba na sayarwa ba, amma ana bari a gwada. A takarda ya fi magabacinsa mai 40 girma, a hannu kuwa girman bai nuna ba, domin an sirantar da ƙahonin, an faɗaɗa sarƙar daga 20 zuwa 21, ƙaho zuwa ƙaho wajen 48, kaurinsa kaɗan ya haura 12. Daidai bakin iyakata ya tsaya, kuma ya zauna a kwance, bai karkata ko'ina ba. Tudor Black Bay 58, mai faɗin 39 da kaurin 11.9, na zaci zai fi shi ƙanƙanta sosai, sai na tarar tsawonsu ya kusa zama ɗaya. Bambancin a fuska yake da nauyi. Ƙaninsa Black Bay 54 na 2023, mai faɗin 37 da kaurin 11.24, shi ne zan fara nuna wa duk mai hannun da bai kai santimita 16.5 ba. A gefe guda kuma Fifty Fathoms mai faɗin 45 ya ba ni mamaki: ƙahoninsa gajeru ne, sun sunkuya ƙasa, har ya fi wasu masu 42 rungumar hannu. Kaurinsa ne, da ya haura 15, ya raba ni da shi.

Kauri kuwa ba ƙaramar magana ba ce ga mai sa kaftani. Da gangan na je gwajin da riga mai links, irin wadda nake sawa kullum, na dinga miƙe hannu ina lanƙwasawa in ga ko agogon zai shige ƙarƙashin hannun rigar da kansa. Duk wanda kaurinsa bai wuce 12.5 ba, ya shige. Omega, mai kaurin wajen 13.5, sai na taimaka masa da yatsa. Agogunan Rolex biyu, Sea-Dweller mai faɗin 43 da aka yi wa mita 1,220, da Deepsea mai faɗin 44 da kaurin 17.7 da aka yi wa mita 3,900, a waje suka tsaya, hannun rigar ya tattare a bayansu. Akwai abin da ba a lura da shi sai bayan watanni: haƙoran gefen zobe suna goga da bakin shadda duk lokacin da aka motsa hannu, a hankali su cinye zaren. Da na kai wa telana wannan ƙorafi a kan wata tsohuwar riga, cewa ya yi, "Alhaji, ai da agogon ake zuwa wajen awo." Gaskiyarsa. Ƙarin santimita ɗaya da rabi zuwa biyu a hannun rigar ɓangaren da ake ɗaura agogo ya wadatar.

Inda kaurin ya taru ma ya fi jimillarsa muhimmanci. Idan milimita ɗaya ko biyu daga ciki tudun gilashi ne, ido ba ya ganinsu a matsayin kauri, kuma yadi yana silalewa a kai. Idan gefen jikin ne ya tashi a miƙe kamar katanga, agogo mai 13 zai yi kama da mai 15. In kuwa murfin baya ne ya yi tudu, hannunka ne zai yanke hukunci: wani tudun yakan nutse a ɗan kwarin da ke tsakanin ƙasusuwan hannu biyu, agogon ya kafu, wani kuma yakan ɗaga ƙahonin sama su bar fata, agogon ya riƙa rawa kamar kwano a kan dutse. Ɗaga hannu daidai ido, ka leƙa ta gefe. In haske yana wucewa sosai tsakanin ƙaho da fata, danna gefen ƙarfe 12 sannan gefen ƙarfe 6. Wanda ya yi lilo a kanti zai yi lilo a gida, kuma mai shi zai riƙa matse sarƙa fiye da kima don ya tsayar da shi.

A nauyi, mintuna biyun farko ba sa faɗin komai. Submariner da sarƙarsa wajen giram 155 zuwa 160 ne, Omega da cikakkiyar sarƙa ya haura 180, Tudor Pelagos 39 kuwa, da yake na taitaniyam ne, kaɗan ya haura 100. Taitaniyam giram 4.5 ne a kowane ɗan dunƙule mai santimita ɗaya a tsawo da faɗi da kauri, ƙarfe marar tsatsa kuwa kusan 8. Da farko mai nauyin ne ke burgewa, hannu yana jin ya riƙe abu mai daraja. Sai an yi minti 15 ko 20 da shi ake jin inda yake ja. Shi ya sa nake roƙon a bar ni da agogo a hannu muna ci gaba da magana, kuma ba a taɓa hana ni ba. Abin da na lura shi ne rabon nauyin ya fi yawansa tasiri. Sarƙar Omega ba ta sirancewa, 20 ta fara 20 ta ƙare, don haka nauyin ƙasa yana riƙe na sama, agogon ba ya juyawa duk da nauyinsa. Ɗauki babban kai irin wannan ka ɗora a siririn maɗaurin yadi, sai ya dinga faɗawa gefen ƙaramin yatsa, ga shi kuma maɗaurin da ke bi ta ƙarƙashi ya ƙara ɗaga shi sama.

Gwajin da ya fi kowane fitar min da gaskiya shi ne na sujada. Ɗora tafin hannu a kan teburin kantin, ka tura nauyinka a kai har wuyan hannu ya lanƙwashe baya, yadda yake yi in mutum ya kai goshi ƙasa ko zai miƙe daga zaune. A nan maɓallin saiti da kafaɗun ƙarfen da ke kare shi suke haɗuwa da bayan hannu. Abu ne da za a maimaita sau da yawa kowace rana, kuma in yana tokari, cikin 'yan makonni wurin zai yi baƙin kanta. Panerai Submersible, mai gadar nan da ta rufe maɓallin, shi ya fi saurin isa bayan hannuna, ko da yake a hannun dama matsalar ba ta tasowa tunda gadar gwiwar hannu take kallo. Da yawa daga agogunan nutso na Seiko maɓallinsu a ƙarfe 4 yake, ya kauce wa wurin lanƙwasa, kuma Tudor na da Pelagos LHD mai maɓalli a hagu. Amma sau da yawa laifin ba na maɓallin ba ne, na sarƙa mai sako-sako ne da ta bar agogon ya gangaro kan ƙashi. In yana zaune a sama da ƙashin, yawancinsu ba sa taɓa komai. Ƙaramin maɓallin da ke ƙarfe 10 a jikin Omega na fitar da iskar hiliyam ne, amfaninsa ga ma'aikatan da ke kwanaki a ɗakin matsi a ƙarƙashin teku. A hannun hagu sama yake kallo, bai dame ni ba. Mai ɗaurawa a dama ya gwada shi da kyau, don shi ne zai fuskanci bayan hannunsa.

Makullin sarƙa shi ne inda milimita 5 ɗin nan ta farko ke samun magani, kuma da za a ce in zaɓi abu ɗaya da zan duba a agogo mai tsada, shi zan duba. Gaɓa guda ta sarƙa takan kai milimita 8 zuwa 10, don haka cire ɗaya ko mayar da ita yakan kai mutum daga matsi zuwa sako-sako ba tare da ya bi ta daidai ba. Tsofaffin makullai ramuka uku ko huɗu gare su a gefe, sai an sa tsinke an tura fil mai sifirin, abin da ba wanda zai yi a tsakiyar kasuwa. Na zamani da yatsa ake yi. Glidelock na Submariner yana tafiya milimita biyu-biyu har wajen 20. T-fit na Tudor matsayi 5 gare shi cikin milimita 8. Na Omega kuma maɓalli ake dannawa a ciki a ja ko a tura. Kada a tsaya ga bayanin mai kanti. Cire agogon, ka saki, ka matse, sau uku da kanka, ka ji ko farce ke wahala ko abin na tafiya sumul. Mai azumi zai fi kowa gane amfaninsa: da la'asar agogo yana yawo a hannu, bayan buɗa baki da sa'a ɗaya ya kama. Haka hunturu da bazara.

Makulli mai doguwar tafiya shi ma dogo ne, kuma cikin wuyan hannu ya fi samansa ƙanƙanta. Juya hannu ka duba: in makullin da ƙarfen da ke naɗe a ƙarƙashinsa sun fi cikin hannun tsawo, bakinsu zai tsaya a iska, sarƙar ta yi kusurwa maimakon da'ira. Ɗora hannun a kan tebur kamar mai rubutu ko danna kwamfuta, ka ji kaurinsa. Sannan bi cikin sarƙar da makullin da bayan ƙahonin da ɗan yatsa, a hankali, kana neman kaifi. A wani agogo da kuɗinsa ya isa sayen mota na samu bakin makulli mai kaifin da ya bar jan layi a fatata cikin minti 10. Mai gashin hannu kuma ya goga sarƙar sama da ƙasa sau biyar ko shida, in tana tsinkar gashi zai ji tun a nan.

Sarƙa tana da wata fa'ida da na gane a wurin alwala. In an ɓalle makullinta ba ta rabuwa biyu, da'ira ce mai faɗi, sai a tura agogon sama ko ƙasa ruwa ya game fata, a mayar a rufe, bai bar hannu ba. Mai maɗaurin rami da tsinke dole a kwance shi gaba ɗaya a nemi inda za a ajiye, kuma a irin wannan ne agogo ke faɗuwa a kan tayil. Zoben siramik, wato nau'in tangaran mai tauri, ba ya karcewa da sauƙi, launinsa ba ya koɗewa a rana, amma bugu mai ƙarfi kan fasa shi. Ruwan alwala kuwa ba komai ba ne ga agogon mita 200 ko 300, muddin maɓallin saiti a ɗaure yake. Na gwada kwance shi da ɗaure shi a kowane agogo: tura shi ciki, ka ɗan juya baya har ka ji zaren ya faɗa gurbinsa, sannan ka murɗa gaba da yatsu biyu ba da ƙarfi ba. Wanda aka tilasta a karkace zarensa ke lalacewa, gyaran kuma ba arha. Zoben ma na juya da yatsu masu gumi. Mai ƙananan haƙora kamar gefen kwabo ya fi kamuwa, mai gefe sumul da 'yan lotsawa yakan zame. Black Bay 58 ƙara 60 yake yi a zagaye ɗaya, Submariner 120, wannan kuma ra'ayi ne kawai, kowa da wanda kunnensa ke so.

Maɗaurin roba ya fi sauƙi, amma ramukansa sukan yi nisa da juna fiye da kumburin hannu, sai mutum ya faɗa tsakanin rami biyu. In haka ta faru a kanti, haka za ta ci gaba. Duba cikinsa ko akwai kwarmin da gumi da iska za su bi, domin wanda cikinsa yake sumul yakan manne da fata a zafi ya jawo ƙaiƙayi. Robar silikon tana kwasar ƙura, abin da mai zama inda ake hazo zai gani tun makon farko, robar FKM kuwa ba ta yi. Mai lanƙwasa-lanƙwasa kusa da ƙahoni, irin wanda Seiko ya fito da shi a 1975, yana miƙewa yana komawa da kansa. Akwai kuma wanda ake yankawa daidai hannu: a yanka gaɓa ɗaya-ɗaya, ana gwadawa, kuma da yamma, don abin da aka yanke ba ya dawowa. Turare, na fesawa ko na mai, a shafa shi a bari ya bushe kafin a ɗaura agogo, saboda yana tsufar da roba, har da siraran robobin da ke hana ruwa shiga. Wanda fatarsa ba ta shiri da ƙarfe ya sani cewa ƙarfe marar tsatsa, 316L ne ko 904L da Rolex ke amfani da shi, akwai nikel a ciki. Taitaniyam ɗin da ake agogo da shi babu.

Ban sayi komai a ranar farko ba. Washegari da la'asar na yi tafiyar minti 20 a waje, na shiga kantin kai tsaye hannu na kumbure, na sake ɗaura biyun da suka rage a raina. Pelagos 39 na ɗauka: faɗi 39, kauri 11.8, ƙaho zuwa ƙaho wajen 47, mita 200, makullin T-fit, da ƙarin maɗaurin roba a cikin akwatin. Ba shi da kwanan wata, na kuma san makullin taitaniyam zai nuna gogar tebur da wuri. Na yarda da duka biyun.

Wajen rage sarƙa na tsaya a kai. Kafin a cire komai sai a mayar da makullin matsayinsa na tsakiya, don a samu wurin saki da wurin matsewa. In adadin gaɓoɓin da za a cire bai rabu biyu daidai ba, ɓangaren ƙarfe 6 ake fi ragewa, saboda ƙarfen da ke naɗe a ƙarƙashin makulli ya faɗo tsakiyar cikin hannu. In aka yi akasin haka, agogon zai riƙa zamewa waje, fuskarsa tana guje wa idon mai shi. Nawa uku aka cire, biyu a ɓangaren 6, ɗaya a ɓangaren 12. Ma'aunin daidai shi ne kan ƙaramin yatsa ya shiga tsakanin makulli da fata da ɗan matsi, in an girgiza hannu agogon ya motsa kaɗan amma kada ya haye ƙashi. Sukurorin gaɓa kan zo da ɗan gam a zarensu, don haka mai yi a gida ya nemi sukudireba da bakinta ya cika tsagar daidai, ya manna salatif a gefen gaɓar kada ta karce, in ya ji tauri ya ɗumama wurin da ruwan zafi maimakon ya sa ƙarfi. A sarƙar Omega ƙananan sukurori biyu ne da fil a tsakiya, a yawancin na Seiko kuma fil ne da ɗan mitsitsin bututu da ke riƙe shi, wanda in ya ɓace fil ɗin zai zare wata rana a hanya. A yi aikin a kan farin tawul.

Gaɓoɓin da aka cire da sukurorinsu na karɓa na ƙirga, na sa a akwatin tare da katin garanti. Bayan kwana 10 a Kano na buɗe makullin da mataki ɗaya, a nan ya zauna har damina ta sauka, sannan na mayar da shi tsakiya.